Woodbridge: Yadda Aiki Daga Gida Ya Sauya Sana'ar Buga Takardu A Ofisoshin Amurka

WOODBRIDGE, Virginia — Tun da asussuba garin Woodbridge ke tashi. Kafin ƙarfe 6 na safe babbar hanyar nan ta I-95 kan cika maƙil da motocin da suka nufi arewa, jirgin ƙasan VRE kuma yana tsayawa a tashar garin ya kwashi ma'aikata zuwa Alexandria da tsakiyar birnin Washington. A filin ajiye motoci na Horner Road akwai wata al'ada da mutanen yankin suka daɗe da ita: ma'aikaci ya tsaya a layi, direban da bai taɓa ganinsa ba ya ɗauke shi kyauta, domin motar da ke ɗauke da mutum 3 tana bin layin gaggawa ba tare da ta biya kuɗin hanya ba.

Garin yana cikin gundumar Prince William ta jihar Virginia, kimanin kilomita 32 kudu da Washington, a bakin kogin Occoquan daf da inda yake malala cikin kogin Potomac. Ya samo sunansa ne daga wata gadar katako da aka gina a kan kogin a 1795. Da yawa daga cikin mazaunansa ma'aikatan gwamnatin tarayya ne, ko sojoji, ko ma'aikatan kamfanonin da ke yi wa gwamnati kwangila, ganin cewa sansanin Fort Belvoir yana arewa da garin, na Quantico kuma yana kudu.

A watan Maris na 2020, da annobar korona ta ɓarke, wannan sammako ya tsaya cik. Jirgin VRE da ke ɗaukar fasinjoji kimanin 18,000 a rana ya rasa fiye da kashi 90 cikin 100 nasu. To amma a ofisoshin da mutanen suka bari, akwai wani ma'aikaci guda da ba a sallame shi gida ba. Shi ne babban injin nan da ke tsaye a lungun ofis, mai buga takarda, ya kwafe ta, ya kuma ɗauki hotonta ya aika. Bayan wannan inji akwai sana'a guda da mutane ƙalilan suka san da ita, wadda abincin masu gyara da dillalai da direbobin kai tawada ya rataya a kanta. Tun daga wancan lokaci sana'ar take neman wa kanta sabuwar hanya.

Kwangilar Da Ake Biya Shafi-Shafi

A Amurka manyan ofisoshi ba kasafai suke sayen injunan buga takardu su riƙa ɗawainiya da su da kansu ba. Sukan ƙulla yarjejeniya ce da wani kamfani, na tsawon shekara 3 zuwa 5 galibi. Kamfanin zai zo ya ƙirga injunan da ke ofishin, ya duba wanda ake aiki da shi da wanda ƙura ta rufe, sa'an nan ya kawo nasa ya kafa. Daga nan garin tawada, da kayan gyara, da makaniki, duk suna wuyansa. Shi kuwa ofishi abin da zai biya shi ne kuɗin hayar inji da kuɗin kowane shafin da aka buga. Shafin baƙar tawada yawanci bai wuce santi 1 ko 2 ba, mai launi kuwa yakan ninka haka sau 5 ko fiye.

Injin da kansa ne ke kai rahoto. Yana haɗe da intanet, yana sanar da kamfani yawan shafukan da ya buga, da ragowar tawadar da ke cikinsa, da kuma ɓangaren da ya fara gajiya. Sau da yawa kwalin sabuwar tawada kan iso ofis kafin sakatare ya lura cewa tsohuwar ta kusa ƙarewa.

Wannan dabara ta girmi kwamfutar tebur. A 1959 kamfanin Haloid Xerox ya fito da injin Xerox 914, wanda ya dogara a kan fasahar da Chester Carlson ya fara gwadawa a New York a 1938. Injin ya yi tsadar da ofisoshi kaɗan ne za su iya saye, saboda haka kamfanin ya bayar da shi haya a kan dala 95 a wata, tare da kwafi 2,000 na farko kyauta, sa'an nan santi 4 a kan kowane kwafi da ya biyo baya. Masu haya sun ɗauka ba za su taɓa cinye 2,000 ɗin ba. Ashe da injin ya shiga ofis, kowa ya gano yana da abin kwafewa. Daga wannan lokaci ribar sana'ar ta ta'allaƙa ga yawan shafuka, kamar yadda ribar mai injin niƙa take ga yawan kwanon da aka kawo masa.

Hasashen Da Ya Makara

An daɗe ana yi wa takarda jana'iza tana tashi. A watan Yunin 1975 mujallar BusinessWeek ta buga wani dogon sharhi a kan ofishin gobe, inda aka yi hasashen cewa ba da jimawa ba ma'aikaci zai riƙa kiran fayil ɗinsa a kan gilashi, takarda kuma ta zama tarihi. Abin da ya faru akasin haka ne. Kamfanin HP ya fito da firintar LaserJet a 1984, kwamfuta ta shiga kowane tebur, wasiƙun imel suka yawaita, mutane kuma suka riƙa buga duk abin da ya shigo musu domin su karanta da biro a hannu. A shekarun 1980 da 1990 cin takarda a ofisoshin Amurka sai ƙaruwa ya riƙa yi.

Gwamnatin tarayya, wadda ita ce babbar mai saye a yankin Washington, ta yi ta kafa dokoki don rage abin. An yi dokar rage cike-ciken takardu a 1980, aka sabunta ta a 1995. A 1998 aka yi wata da ta umarci hukumomi su ba jama'a damar miƙa bayanansu ta kwamfuta. A watan Yunin 2000 shugaba Bill Clinton ya rattaba hannu a kan dokar da ta ba sa hannu ta kwamfuta ƙarfin doka daidai da na biro. A watan Disambar 2010 shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar inganta aiki daga gida, a watan Nuwamban 2011 kuma ya ba hukumomi umarnin rage kashi 20 cikin 100 na abin da suke kashewa a kan wasu hidimomi, ciki har da tafiye-tafiye da buga takardu. Hatta tsohuwar maɗaba'ar gwamnati da aka buɗe a 1861 an sauya mata suna a ƙarshen 2014, aka cire kalmar bugawa aka sa ta wallafawa, domin yawancin aikinta ya koma intanet.

Duk da haka raguwar a hankali take tafiya, kamar ruwan tulu mai tsatsa. Kamfanoni suna iya lissafinta su shirya mata. Abin da ba su shirya masa ba shi ne a wayi gari a rufe ofisoshi baki ɗaya.

Lokacin Da Injuna Suka Yi Shiru

Girman asarar ya fito fili a littattafan manyan kamfanoni. Kuɗin shigar Xerox ya faɗo daga kimanin dala miliyan 9,000 a 2019 zuwa miliyan 7,000 a 2020, kuma bai sake komawa inda yake ba, domin a 2024 kimanin miliyan 6,200 ya samu. A ƙarshen watan Maris na 2020 kamfanin ya janye yunƙurin da yake yi na sayen HP, a farkon 2024 kuma ya bayar da sanarwar rage kashi 15 cikin 100 na ma'aikatansa.

A ƙasa kuwa, tsakanin ƙaramin dillali da ofishin da yake yi wa hidima, matsalar ta ɗauki wata siga. Yawancin kwangiloli suna da sharaɗin mafi ƙarancin shafukan da za a biya kowane wata, ko an buga ko ba a buga ba. Ofishin lauya ko na akanta da ya rufe ƙofarsa watanni ya ga takardar neman biya tana zuwa a kan shafukan da babu wanda ya buga. Idan dillali ya tsaya a kan haƙƙinsa, ya san ba za a sabunta masa kwangila ba. Idan ya yafe, ga albashin makanikai ga bashin injunan da ya karɓo. Gaba kura, baya sayaki.

A daidai wannan lokaci ƙananan firintocin gida suka yi kasuwa, domin iyaye suna buga wa yara aikin makaranta, su ma suna buga nasu. Sai dai wannan ciniki ya tafi ga kantuna da masu sayarwa ta intanet, bai bi ta hannun masu kwangila ba.

Ko da annobar ta lafa, ofisoshi ba su cika kamar dā ba. Hukumar binciken ayyukan gwamnati ta GAO ta bayar da rahoto a watan Yulin 2023 cewa, daga cikin manyan hukumomin tarayya 24, guda 17 suna amfani ne da kashi 25 cikin 100, ko ƙasa da haka, na wurin da ke hedkwatocinsu. Wani rahoton ofishin kasafin kuɗi na fadar White House a watan Agustan 2024 ya nuna cewa daga cikin ma'aikatan farar hula kusan miliyan 2.3, kimanin miliyan 1.1 sun cancanci yin wani ɓangare na aikinsu daga gida, 228,000 kuma ba sa zuwa ofis ko kaɗan. Mutumin Woodbridge da ke zuwa Washington Talata da Laraba kawai ya saba karanta fayil a kan gilashi sauran ranakun, ranar da ya zo ofis ma ba lalle ne ya tuna da injin ba.

In Kiɗa Ya Sauya

Gyara na farko da kamfanonin suka yi a kan lissafi ne. Da yawa sun sassauta sharaɗin mafi ƙarancin shafuka, wasu sun koma karɓar tsayayyen kuɗi a wata, wasu kuma suna lissafi bisa yawan ma'aikata maimakon yawan takarda. Injuna ma an rage su. Benen da ke da manya guda 4 yana iya komawa ga 1, a ƙara masa ƙanana a wuraren da ake bukata.

Gyara na biyu shi ne raba bugu da wuri. A dā kwamfutar ma'aikaci tana haɗe ne da wani inji takamaimai a ofishinsa. Yanzu yana iya tura aikinsa daga ɗakinsa a Woodbridge zuwa wani rumbu a intanet, aikin ya jira shi a can. Ranar da ya je ofis, ko reshen da ya fi kusa da shi, sai ya ɗora katin shaidarsa a jikin kowane inji, takardar ta fito a gabansa. Idan bai je ya karɓa ba cikin wa'adin da aka ɗiba, aikin ya goge kansa. Wannan tsari yana rage ɓarnar takardun da ake bugawa a manta da su a bakin inji, yana kuma hana wani ya ɗauki takardar albashin abokin aikinsa ya karanta. Kamfanin Microsoft ya buɗe wa kowa irin wannan hidima, mai suna Universal Print, a watan Maris na 2021.

Na uku shi ne bin ma'aikaci har gida. Wasu kwangilolin yanzu sun haɗa da ƙaramar firinta da ake aika wa ma'aikaci, tawada kuma ta riƙa iso masa ta gidan waya a kan asusun ofis. HP ya riga ya gwada wannan da magidanta tun 2013, da tsarinsa na Instant Ink, inda mutum ke biyan kuɗin wata bisa yawan shafukan da yake bugawa.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nisa, shi ne juya injin. A dā aikinsa fitar da takarda daga kwamfuta. Yanzu a ofisoshi da dama babban aikinsa shigar da takarda cikin kwamfuta: ya ɗauki hoton rasit ko takardar asibiti, manhaja ta karanta rubutun, ta gane irin takardar, ta tura ta inda ya dace. Don haka ne masu ƙera injuna suka shiga sayen kamfanonin manhaja da na kula da kwamfutoci. Konica Minolta ya sayi All Covered tun 2011. Ricoh ya sayi DocuWare na Jamus a 2019. Xerox ya sayi ITsavvy a 2024 a kan dala miliyan 400.

Waɗanda suka rage a fagen ƙera inji kuwa haɗa kai suke yi, tun da kasuwar ta yi wa yawansu kaɗan. HP ya karɓi sashen firinta na Samsung a 2017. Ricoh da Toshiba Tec na Japan sun haɗe masana'antunsu a watan Yulin 2024 ƙarƙashin sunan ETRIA. A ranar 1 ga Yulin 2025 Xerox ya kammala sayen Lexmark na jihar Kentucky a kan dala miliyan 1,500.

Sirrin Da Ke Cikin Inji

A yanki irin wannan, inda makwabcinka yana iya zama ma'aikacin ma'aikatar tsaro, babu batun da ya kai na sirri nauyi. Injin ofis na zamani kwamfuta ce cikakkiya, yana da faifan ajiya, kuma da yawa suna riƙe hoton takardun da suka bi ta cikinsu.

A 2010 gidan talabijin na CBS ya sayi tsofaffin injunan kwafi guda 4 a wani sito a jihar New Jersey, kowanne a kan kimanin dala 300. Da aka buɗe faifansu sai ga bayanan 'yan sandan birnin Buffalo, ga kuma takardun lafiyar mutane daga wani kamfanin inshora mai suna Affinity Health Plan. A 2013 kamfanin ya amince ya biya gwamnati dala miliyan 1.2, bayan an ƙiyasta cewa bayanan mutane fiye da 340,000 ne abin ya shafa. Rahoton ya kuma nuna kwantenoni cike da irin waɗannan injuna ana shirin fitar da su ƙasashen waje.

A tsakiyar 2021 aka gano wata ɓaraka a sashen buga takardu na manhajar Windows, wadda aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, da ke iya bai wa masu kutse damar ƙwace kwamfuta ɗungurungum. A watan Yulin shekarar hukumar tsaron intanet ta CISA ta ba ma'aikatun tarayya umarnin gaggawa su toshe ta.

Aiki daga gida ya ƙara faɗaɗa ƙofar. Firintar gida tana kan intanet ɗaya da wayar yara da talabijin, babu mai sabunta manhajarta, takardar da aka buga aka fasa kuma kwandon shara za ta tafi. Wannan ya sa hukumomi da kamfanoni da dama suka hana a haɗa firintar gida da kwamfutar aiki. Masu kwangila kuwa sun mai da wannan damuwa hajar sayarwa. A yau sharuɗɗan kwangila sukan ƙunshi kulle bayanan faifai, da sabunta manhajar inji daga nesa, da rubuta sunan duk wanda ya buga wani abu da lokacin da ya buga, da kuma shaidar cewa an goge ko an lalata faifan ranar da aka ɗauke injin.

Ma'aikata Sun Koma, Takarda Fa?

A ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da ya sake kama mulki, shugaba Donald Trump ya umarci ma'aikatan tarayya su koma ofis cikakken lokaci. Jiragen VRE sun sake samun fasinjoji, hanyar I-95 ta ƙara cunkushewa. Mai karatu zai iya zaton kakar masu injuna ta yanke saƙa. Sai dai ƙa'idojin da suka kori takarda babu wanda ya janye su.

Tun a watan Yunin 2019 aka umarci hukumomin tarayya su mai da ajiyar bayanansu ta kwamfuta. An ɗaga wa'adin sau ɗaya, amma daga ranar 30 ga Yunin 2024 hukumar adana tarihi ta ƙasa ta daina karɓar sababbin fayilolin takarda, in ban da waɗanda aka yi wa rangwame na musamman. A watan Maris na 2025 aka bayar da umarnin daina biyan kuɗin gwamnati da cak na takarda daga ƙarshen Satumbar shekarar. Hatta takardun ritayar ma'aikata, waɗanda shekara da shekaru ake tantance su da hannu a cikin wani tsohon ramin haƙar dutse a Boyers ta jihar Pennsylvania, a 2025 aka umarci a koma shigar da sababbinsu ta intanet.

Ma'aikacin da ya koma teburinsa, ke nan, ya koma ne da ɗabi'ar da ya koya a gida. Yana sa hannu a kan gilashi, yana taro ta bidiyo da wanda ke bene na sama. A kamfanoni masu zaman kansu kuwa, raba mako tsakanin gida da ofis ya zauna da gindinsa a wurare da yawa.

Waɗanda Har Yanzu Ba Su Rabu Da Takarda Ba

Duk da haka, wanda ya zaga Woodbridge zai ga inda takarda ke da sauran ƙarfi. Akwai asibitin Sentara da ƙananan ɗakunan shan magani da ke kewaye da shi, inda majiyyaci ke fita da takardar bayanin magani a hannu. Akwai makarantun gundumar, masu ɗalibai kimanin 90,000, waɗanda su ne na biyu a girma a jihar. Akwai reshen kwalejin Northern Virginia da ke garin. Akwai kuma akwatin zaɓe: a watan Satumbar 2017 hukumar zaɓen Virginia ta haramta injunan jefa ƙuri'a marasa takarda, domin takarda ce kaɗai shaidar da za a iya sake ƙirgawa idan gardama ta taso. Jihar da ta yi haka ita ce kuma ta riga sauran jihohi halatta shaida sa hannu ta bidiyo, tun 2012.

Sai kuma baƙi. Gundumar Prince William, mai mutane fiye da 480,000 a ƙidayar 2020, ta tara 'yan asalin Amurka ta Tsakiya, da Asiya, da Afirka ta Yamma, musamman 'yan Ghana. Baƙo yana rayuwa ne da kwafi: na fasfo, na takardar haihuwa, na shaidar aure da fassararta, na takardar albashi da mai gidan haya zai nema. A dā wanda ke aiki a ofis yakan buga 'yan shafukansa a can ba wanda ya ce masa uffan. Yau injin yana tambayar kati yana rubuta suna. Direban tasi da mai kula da tsofaffi kuwa dā ma ba su da ofis. Su ne ake gani a ɗakunan karatu na Chinn Park da Potomac, ko a shagunan FedEx Office da Staples, suna biyan kuɗin shafi da ya ninka wanda babban kamfani ke biya sau da yawa. Takarda ta ragu a wurin mai hali, kuɗinta kuma ya sauka a kan wanda ba shi da zaɓi.

Makanikin inji ma yana cikin waɗanda abin ya shafa. Gyare-gyare da yawa yanzu daga nesa ake yin su, wanda ya iya sukundireba kawai kuma aikinsa yana raguwa. Wanda ake nema shi ne ya san hanyoyin sadarwar kwamfuta da tsaron bayanai. A can baya kuma akwai masana'antun takarda. A 2019 kamfanin Georgia-Pacific ya fice daga yin takardar ofis, a shekarar ce kuma aka rufe tsohuwar masana'antar takarda ta Luke a jihar Maryland mai makwabtaka, ma'aikata kimanin 675 suka rasa aiki.

Fayilolin da suka bar durowa kuwa ba iska suka bi ba. Suna cikin manyan gine-ginen ajiyar bayanai marasa tagogi, waɗanda arewacin Virginia ya fi ko'ina a duniya yawansu. A watan Disambar 2023 majalisar gundumar Prince William ta yi zaman da ya wuce sa'o'i 24 kafin ta amince da wani katafaren shirin gina irinsu kusa da filin yaƙin basasa na Manassas. A 2025 wata kotu ta soke amincewar, kuma dalilinta shi ne ba a buga sanarwar zaman a jarida yadda dokar jihar ta tanada ba. Shirin dubban miliyoyin daloli na zamanin kwamfuta ya yi tuntuɓe da 'yan layuka a shafin jarida.

Daga Woodbridge Zuwa Kano

Ga mai karatu a Kano ko Zariya ko Maraɗi, biyan kuɗi shafi-shafi ba baƙon abu ba ne. Shi ne abin da shagunan fotokwafi na bakin Jami'ar Bayero da na Samaru suke yi kullum, sai dai a can mai shago ne ke ɗauke da nauyin inji da janareta da tawada. Sauyin ma ya fara isowa. Hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta tun 2015, amma har yanzu ɗalibi sai ya je shago an buga masa takardar shaidar rajista da ta ranar jarrabawa. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayyar Najeriya kuma ya sanya ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su daina aiki da fayil na takarda.

Abubuwa biyu daga Woodbridge sun cancanci a duba su tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na farko, ofishin da zai ƙulla kwangilar inji ya kula da sharaɗin mafi ƙarancin shafuka, kada ya ɗaure kansa shekara 5 a kan adadin da ba zai ƙara bugawa ba. Na biyu, da yawa daga cikin injunan da ke shagunanmu na hannu ne, sun yi aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su sauka a Legas ko Kwatano. Kamar yadda za su iya zuwa da sirrin wasu, haka za su iya tafiya da namu. Kowace rana ana ɗora musu katin ɗan ƙasa, da fasfo, da takardar fili, da sakamakon gwajin asibiti. Banki ko asibiti ko mai shagon da zai sayar da tsohon injinsa, ya kamata ya tambayi makanikinsa ko akwai faifan ajiya a ciki, in akwai a goge shi ko a cire shi kafin injin ya bar ƙofa.